Ku Tambaya Mu Amsa: Rigimar Lasisi a Kwamfutocin Nesa na Ofis

Wasiƙun da suka iso mana daga Zariya a wannan watan kusan kukansu ɗaya ne, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Wasu ofisoshi sun daina ajiye wa kowane ma'aikaci cikakkiyar kwamfuta a kan tebur. Babbar na'ura ɗaya, wato uwar garke, ita ke ɗauke da Windows da manhajoji a wani ɗaki, ma'aikaci kuma ya shiga daga ƙaramin akwati ko tsohuwar laftof. Wannan muke kira kwamfutar nesa. Inda ake samun saɓani shi ne lasisi yana so ya gane na'urar da yake kai, ita kuwa kwamfutar nesa yau ita ce, gobe an share ta an fito da wata mai kamarta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 14 ne muke shiga uwar garke mai Windows Server 2019 ta Remote Desktop. Wata huɗu muna aiki lafiya. Ranar Litinin da safe kowa ya tarar da saƙo cewa an yanke shi saboda babu uwar garken lasisi. Wanda ya haɗa mana tsarin ya ce Windows ɗinmu na asali ne, kuma mun biya. To me ya faru? Daga wani manajan ofis a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wata huɗun nan da ka ambata su suka ba mu amsar. Daga ranar da aka kunna aikin Remote Desktop Session Host a kan Windows Server, Microsoft na ba da rangwamen kwana 120. A cikinsu kowa na shiga ba a tambayarsa komai. Ranar da suka cika sai ƙofa ta rufe. Mai haɗa muku bai yi ƙarya ba, Windows ɗin na asali ne, amma lasisin Windows Server daban, izinin shiga daga nesa daban. Na biyun sunansa RDS CAL, kuma kowane mutum ko kowace na'ura na bukatar nata. Ba ya maye gurbin CAL na Windows Server da aka saba saye. Ƙari ne a kansa.

Da farko a samu hanyar shiga. A latsa maɓallin Windows da R, a rubuta mstsc /admin. Wannan na buɗe zaman mai kula, wanda ba ya cin lasisi. Daga ciki a buɗe lsdiag.msc, shi ne mai binciken lasisi, zai faɗi abin da ya rasa.

Abu uku ake nema, kuma sau da yawa ɗaya ne kawai ya ɓace. Na farko, a ce akwai na'urar da aka ɗora wa aikin Remote Desktop Licensing kuma an yi mata rajista da Microsoft. Ana dubawa a licmgr.exe, rajistar na yiwuwa ta intanet ko ta waya. A ofis mai mutum 14 babu laifi uwar garken da ake shiga ita ce kuma ta riƙe lasisin. Na biyu, a ce an zuba CAL ɗin da aka saya a cikinta. Na uku, wanda aka fi mantawa, a ce an gaya wa uwar garken da ake shiga sunan mai riƙe lasisi da irin lasisin. Ko da na'ura ɗaya ce ke aikin biyu, sai an rubuta mata sunan kanta. A gpedit.msc a bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, Licensing. Saiti biyu ne a wurin: ɗaya na sunan uwar garken lasisi, ɗaya na zaɓin ko lasisin mutum ne ko na na'ura. Bayan haka a gudanar da gpupdate /force.

Kafin ku fitar da kuɗi, ku tsaya kan zaɓin nan. Idan kuna da domen na Active Directory, wato tsarin da ke riƙe asusun ma'aikata da na'urorin ofis a wuri guda, kuma kowa na shiga daga na'ura fiye da ɗaya, lasisin mutum ya fi. Idan babu domen, ku sayi na na'ura. Masu saka lasisin mutum a wurin da babu domen su ne ke rubuto mana daga baya cewa ana gargaɗinsu za a yanke su bayan minti 60. Haka kuma shekarar lasisi na da muhimmanci: CAL na 2016 ba ya buɗe Server 2019, amma na 2022 yana buɗewa, da sharaɗin uwar garken lasisin ita ma ta kai 2022, domin tsohuwa ba ta iya ɗaukar sabon CAL. Idan mai riƙe lasisi wata na'ura ce daban, katangar tsaro ta bar ƙofa ta 135 da jerin ƙofofi daga 49152 zuwa 65535 a buɗe tsakaninsu.

Za a samu wanda zai ce muku a goge wani layi a rajistar Windows kwana 120 su dawo sabo. Yana dawowa ɗin, amma saɓa yarjejeniyar lasisi ne, kuma Litinin irin wannan za ta sake zuwa bayan wata huɗu, wataƙila ranar biyan albashi.

Tambaya: Cibiyar koyar da kwamfuta muke da ita. Na shirya Windows guda ɗaya, na kwafe shi sau 30 a cikin uwar garke. Muna da KMS na halal, wato uwar garken da ke kunna lasisin Windows da Office a cikin gida. Duk da haka Windows ya ƙi karɓa, lambar da yake bayarwa 0xC004F038. Wasu kuma, musamman bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sukan ba da 0xC004F074 ko 0xC004F06C. Daga wani mai kula da na'urori a Samaru.

Amsa: Malam, mun gode da ka rubuto lambobin. Rabin aikin ke nan. Cuta biyu ce kake fama da su, ba ɗaya ba.

Lamba ta farko na nufin KMS ya ji kiran, amma masu kiran ba su kai adadi ba. KMS ba ya fara raba lasisin Windows na tebur sai ya ƙirga na'urori 25 mabambanta. Na Windows Server da na Office kuwa 5 sun isa. Za ka ce ai 30 sun wuce 25. Ba a nan gizo ke saƙar ba. KMS ba suna yake ƙirgawa ba, wata lambar shaida ce mai suna CMID, wadda kowane Windows ke haifar wa kansa. Idan ka kwafi Windows ba ka wanke shi ba, duk kwafin 30 da lamba ɗaya suke zuwa, KMS kuma ya ɗauka mutum ɗaya ne ke ta sallama.

Tabbatarwa ba wuya. Shiga kwafi biyu, a kowanne ka buɗe wurin umarni da ikon mai kula, ka rubuta slmgr /dlv, ka kwatanta layin CMID. Idan iri ɗaya ne, magana ta ƙare. A kan KMS ɗin ma umarnin zai nuna maka adadin da ya ƙirga zuwa yanzu. Gyaran a uwar kwafi yake, wato Windows na asalin da kake kwafa daga gare shi: kafin a rufe shi a gudanar da sysprep /generalize /oobe /shutdown daga C:\Windows\System32\Sysprep. Ka lura kada fayil ɗin amsoshin da kake amfani da shi ya ƙunshi SkipRearm da darajar 1, domin shi ke hana lambar canzawa ko da an yi sysprep. Office irin na manyan ma'aikatu yana da tasa lambar daban. Ana ganinta da cscript ospp.vbs /dcmid, ana wanke ta da ospprearm.exe kafin a rufe uwar kwafin, kuma kada a sake buɗe Word bayan an wanke.

Wani abin da ya shafi masu makaranta: KMS na mantawa da na'urar da ba ta yi masa sallama ba cikin kwana 30. Idan aka tafi dogon hutu aka kashe komai, ƙirgar na faɗuwa. Waɗanda suka riga suka karɓa ba sa cutuwa nan take, domin lasisinsu na kwana 180 ne, suna sabunta shi duk kwana 7. Sababbin kwafi ne za su tsaya har adadi ya sake cika. Saboda haka idan kana da domen, shawararmu ka koma kunna lasisi ta Active Directory. Yana nan tun zamanin Windows Server 2012, ba shi da ƙirga 25, duk na'urar da ta shiga domen ta samu. Makullin MAK kuwa, wato makulli ɗaya da ake kunna na'urori da yawa da shi, kada ka kusance shi a kwamfutocin da ake sharewa kullum. Yana da adadi, kowace sabuwar haihuwa na iya cinye ɗaya, ka wayi gari da 0xC004C020, ya ƙare.

Sauran lambobin biyu sun fi kama da matsalar hanya da agogo. 0xC004F074 na cewa ba a samu KMS ba. Gwada nslookup -type=srv _vlmcs._tcp ka ga ko DNS, mai fassara sunayen na'urori zuwa adireshinsu, ya san inda yake, sannan a PowerShell ka gwada Test-NetConnection da sunansa da -Port 1688, ƙofar da yake saurare ke nan. Bayan ɗauke wuta, sau da yawa kwamfutocin ɗalibai ne ke riga DNS da KMS tashi. Na'urar da ba ta karɓa ba sai bayan awa 2 take sake gwadawa da kanta, sai dai a tura ta da slmgr /ato. Tsara jerin tashi: mai riƙe domen farko, KMS na biye, sauran su jira kamar minti 5.

0xC004F06C kuwa agogo ne tsantsa. Idan tazarar lokaci tsakanin mai nema da KMS ta wuce awa 4, ba ya amsawa. Nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Windows da aka girka ba a canza yankin lokaci ba yakan tsaya a na yammacin Amurka, sai mutum ya gyara agogon da hannu ya dace da na bangon ofis. Ido na ganin ƙarfe 9 na safe daidai, amma a lissafin lokacin duniya na'urar ta yi gaba da awa 8 ko 9. Yankinmu shi ne West Central Africa, awa 1 gaba da lokacin duniya. A saita yankin tukuna, sannan agogon. Na biyu, batirin agogo na cikin uwar garke, ɗan faifan nan CR2032 mai bolt 3. Muddin akwai wuta ba a sanin ya mutu. Ranar da UPS ya ƙare kafin a tada janareta, uwar garke ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, ta raba wa duk 'ya'yanta. Yadda ka ce matsalar na bin ɗauke wuta, mu batirin nan za mu fara canzawa. Daga nan w32tm /query /source zai nuna maka inda kowace na'ura ke ɗaukar lokaci.

Tambaya: Kullum da safe sai Excel ya ce in shiga da imel da kalmar sirri. Wata rana ya ce na wuce adadin na'urori, wata rana ya buɗe fayil amma ya hana ni rubutu. Ofishinmu na biyan Microsoft 365 duk wata. Na gaji, ga ƙarshen wata ya zo. Daga wata akanta a Tudun Wada.

Amsa: Sannu Hajiya. Ba laifinki ba ne, kuma ba daga kujerarki za a gyara ba, don haka ki miƙa wa mai kula da na'urorinku wannan shafin.

Lasisin Microsoft 365 na mutum ɗaya yana ba shi damar girka Office a kwamfutoci 5. Idan kwamfutar nesa sabuwa ake ba ki kowace safiya, Office na ɗaukar kowacce a matsayin wata na'ura, kafin Juma'a kin cinye rabonki. Hana rubutun da kike gani shi ne halin da Office ke shiga idan bai tabbatar da lasisi ba: a karanta, a buga a takarda, amma ba gyara. Don irin wannan wurin aka yi tsarin da ake kira Shared Computer Activation. A ƙarƙashinsa lasisi ba ya manne wa na'ura. Ana ba mutum tikiti na kwana 30, kuma ba ya shiga lissafin biyar ɗin.

Mai kula ya fara duba ko an kunna shi. A Word, a shiga File, Account, About Word. A layi na biyu daga sama za a ga sunan tsarin idan yana aiki. Idan babu, a rajista a ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Office\ClickToRun\Configuration a saka SharedComputerLicensing da darajar 1, a uwar kwafi, ko a sake girka Office da Office Deployment Tool tare da wannan saitin. Amma kafin ya wahalar da kansa ya duba irin kunshin da kuke biya. Business Premium da E3 da E5 suna da wannan izinin. Business Standard ba shi da shi, kuma shi ƙananan ofisoshi suka fi saye saboda sauƙin kuɗi. Idan shi ne naku, babu saitin da zai yi magani, sai an ɗaga kunshin masu shiga kwamfutar nesa kaɗai. Sauran ma'aikata su zauna a inda suke.

Idan tsarin na kunne amma har yanzu ana tambayarki kalmar sirri kullum, to tikitin ne ke ɓacewa da dare. Ana ajiye shi a %localappdata%\Microsoft\Office\16.0\Licensing, wurin da ake sharewa tare da kwamfutar. Hanya biyu ce. Ko dai a saka FSLogix, wanda ke tattara duk kayan mutum cikin fayil ɗaya na VHDX a uwar garken fayiloli ya jona masa duk inda ya shiga, ko a yi amfani da saitin SCLCacheOverride da SCLCacheOverrideDirectory a karkatar da tikitin zuwa wurin da ba a sharewa. Mun fi son ta farko, domin tana riƙe saƙonnin Outlook ma.

Ita ma FSLogix tana da nata hali a garin da wuta ke wasa. Idan zama ya yanke ba a fita da kyau ba, fayil ɗin VHDX na iya zama a kulle da sunan tsohon zaman. Da kin sake shiga sai a ba ki furofayil na wucin gadi, babu tikiti, tebur fayau. Alamar ita ce hoton fuskar kwamfutarki da gajerun hanyoyinki sun ɓace a ranar. Mai kula ya karanta bayanan da ke C:\ProgramData\FSLogix\Logs\Profile, ya tabbatar tsohon zaman ya mutu, sannan ya saki fayil ɗin daga Computer Management, Shared Folders, Open Files. Kada a sake shi da ƙarfi alhali tsohon zaman na raye, yana iya lalacewa. Sannan a kiyaye, kada kowa ya shiga Office da asusunsa a cikin uwar kwafi. Duk kwafin da aka fitar za su gaji sunansa.

Tambaya: Wani yaro ya ce da ɗan kuɗi kaɗan zai saka mana manhajar da ke kunna Windows da Office har abada. Me ya sa za mu ci gaba da wannan wahalar? Daga wani ɗan kasuwa a Kwangila.

Amsa: Alhaji, yawancin irin waɗannan manhajojin KMS na ƙarya suke dasawa a cikin na'ura, kuma sai an kashe riga-kafin ƙwayoyin cuta kafin su zauna. A kwamfuta ɗaya ta gida, kanka ka cuta. A uwar garken da ke ɗauke da lissafin kuɗi da kalmomin sirrin kowa, ka ba baƙon da ba ka san asalinsa ba makullin gida gaba ɗaya. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan kuɗi ne matsalar, LibreOffice kyauta ne kuma halal, yana buɗe fayilolin Word da Excel na yau da kullum. Wanda aka riga aka saka wa, ko bayan ya sayi lasisin gaske yakan ga na'urar na neman KMS ɗin bogi. Slmgr /ckms na goge wannan adireshin, amma mu da za a bi tamu, sake girkawa daga tushe ya fi kwanciyar hankali.

Tambaya: Muna amfani da manhajar zane da lissafin injiniya mai lasisin kujeru 10 a kan FlexNet, tsarin da ke raba lasisi ga masu aiki daga uwar garke. Mun ɗauke uwar garken lasisin daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa a VMware, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a cikin na'ura ɗaya. Tun daga nan kuskure -9 ko -15 muke gani. Kafin ƙaurar ma yakan ce kujeru sun cika alhali mutum 6 ne a ofis. Daga wani injiniya a Kongo.

Amsa: Injiniya, buɗe fayil ɗin lasisin da Notepad. Layin da ya fara da SERVER na ɗauke da sunan na'ura, da wata lamba mai harufa 12, wani lokaci da lambar ƙofa. Lamba mai 12 ɗin adireshin MAC ne na katin sadarwar na'urar da aka yanka wa lasisin. Sunan na'ura da lambar ƙofa kana iya gyara su da hannu. Lambar MAC kuwa an sa mata hannu, ka taɓa ta lasisin ya lalace. Kuskure -9 na cewa wannan ba na'urar ba ce.

Lokacin da aka kunna kwamfutar a sabon wuri, VMware yakan tambaya ko ƙaura aka yi da ita ko kwafa. Wanda ya amsa da kwafa, an ba shi sabon MAC. Gudanar da lmutil lmhostid ko getmac /v ka kwatanta da na cikin fayil. Idan sun bambanta, hanyar da ta fi tsafta ita ce a nemi kamfanin manhajar ya sake yanka lasisi a kan sabuwar lamba. Idan tsohuwar ita ma kwamfutar cikin VMware ce kuma an kashe ta har abada, ana iya mayar da tsohon adireshin da hannu a saitin katin. Kada a taɓa kunna biyun tare. Duk yadda aka yi, a mayar da adireshin tsayayye daga yau. Adireshin VMware na farawa da 00:50:56 ko 00:0C:29, na Hyper-V, takwaransa na Microsoft, da 00:15:5D, kuma a Hyper-V ma wanda aka bari a kan sauyawa na iya canzawa bayan ƙaura.

Kuskure -15 shi ne mai nema bai iya kaiwa ga uwar garken ba. Idan -9 ya hana ta tashi, dole kowa ya ga -15, don haka a gyara na farko tukuna. Idan ta tashi kuma har yanzu ana gani, katangar tsaro ce. FlexNet na da masu aiki biyu. Babban, lmgrd, na zama a ƙofa tsakanin 27000 da 27009. Na biyun na kamfanin manhajar ne, kuma idan ba a ƙayyade masa ba yakan zaɓi ƙofar da ya ga dama duk lokacin da aka tada shi. Shi ya sa yau ya yi aiki, gobe bayan janareta ya ƙi. A layin VENDOR ko DAEMON ka ƙara port=27010, ko wata da babu mai amfani da ita, ka buɗe ƙofofin biyu a katanga, ka sake tada hidimar daga LMTOOLS. Idan wata rana ka ga -88, koma ga amsar da muka ba mai tambayar Samaru: FlexNet ya lura an mayar da agogo baya, yana zargin ana son tsawaita lasisi.

Batun kujeru kuwa, fatalwa ce ke zaune a kansu. Ma'aikaci na cikin zane aka ɗauke wuta, akwatin gabansa ya mutu, ya tafi gida. Zamansa a uwar garke bai mutu ba. Manhajar na buɗe, tana riƙe da kujera. Haka wanda ya rufe tagar Remote Desktop da alamar X ya tafi sallar Azahar bai dawo ba. Umarnin lmutil lmstat -a zai jero maka sunan kowane mai riƙe da lokacin da ya ɗauka. A Group Policy, a ƙarƙashin Remote Desktop Session Host, akwai Session Time Limits. A saka iyakar zaman da ya yanke, kamar awa 2. Kada a gajarta sosai, domin idan lokacin ya cika ana rufe manhajar ne da duk abin da ba a adana ba, kuma tada janareta na iya ɗaukar rabin awa. A fayil ɗin zaɓuɓɓuka na FlexNet kuma ana iya saka TIMEOUTALL da adadin daƙiƙu, misali 3600, don a karɓe kujerar da aka bari ba aiki, idan kamfanin manhajar ya ba da dama.

Tambaya: Manhajarmu na aiki da makullin USB. A kwamfutar tebur lafiya lau, ta nesa kuma ta ce ba ta ga makulli ba. Daga wani mai ɗab'i a Wusasa.

Amsa: Malam, a raba biyu: ko makullin bai isa ba, ko ya isa ya ƙi. Idan irin Sentinel ne, buɗe burauza a cikin kwamfutar nesan ka rubuta localhost:1947. Idan bai fito a jerin makullai ba, bai isa ba. VMware ESXi na iya miƙa USB daga jikin uwar garke zuwa kwamfutar da ke cikinta, Hyper-V ba ya yin haka kai tsaye, sai da akwatin da ke raba USB ta hanyar sadarwa. Idan ya fito amma manhajar ta ƙi, to makullin na mutum ɗaya ne, kuma an rubuta masa kada ya amsa wa zaman nesa, don kada mutum 10 su ci da makulli ɗaya. Wannan ba gyaran ofis ba ne. Sai a nemi mai sayarwa ya canza shi da na sadarwa mai adadin kujeru, ko a bar manhajar a kwamfutar tebur ɗin da take, wanda ga mai aiki ɗaya shi ne mafi arha.

Tambaya: Ƙananan akwatuna 20 muke da su, mun sayi lasisin na'ura 25, amma licmgr ya nuna duk an raba. Ina biyar ɗin suka tafi? Daga wata mai kula da na'urori a Gyallesu.

Amsa: Malama, duba jerin da kyau, za ki ga suna ɗaya ya maimaitu, ko laftof ɗin wasu da suka shiga sau biyu daga gida. Na'ura na samun lasisin wucin gadi na kwana 90 a shigarta ta farko, a ta biyu a ba ta cikakke mai tsawon kwana 52 zuwa 89, ta ajiye shi a rajistarta a ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\MSLicensing. Akwatuna masu Windows da yawa na da kariyar da ke goge duk wani canji idan an kashe su, har da wannan ajiyar, sai su dawo suna neman sabo. A saka wannan layin rajistar cikin abubuwan da kariyar ba ta gogewa, a kowane akwati. Wajen dawo da waɗanda suka ɓata, licmgr na barin a janye kashi 20 cikin 100 kawai, wato 5 daga cikin 25 naku. Sauran sai kwanakinsu sun cika suke komawa rumbu da kansu, don haka a gyara akwatunan tukuna kafin a janye, in ba haka ba biyar ɗin ma za su bi sahu cikin mako ɗaya.